Gyaran fentin motar alfarma mai gudu a Bauchi: tambayoyin da ake yawan yi mana da amsoshinsu

Motoci irin su Porsche 911, Audi R8, Mercedes-AMG GT da Corvette ba su da yawa a garin nan, amma duk wadda aka kawo garejinmu kusan da ciwo ɗaya take zuwa. Ko dai mai ita ya ga ta dushe, ko kuwa ya tsaya a rana ya hangi wasu zare-zare kamar saƙar gizo a kan bonet. Ga tambayoyin da aka fi maimaita mana, a baki da ta waya, yadda masu su ke yin su.

Malam, me ya raba aikinku da na masu wankin mota na bakin titi?

Wanki yana ɗauke dattin da ke zaune a bisa fenti, kuma sana'a ce ta halal da muke girmamawa. Namu aikin ya zarce nan. Muna cire abin da ya maƙale a jikin fentin wanda sabulu ba ya fitarwa, kamar kwalta da ƙurar birki da ƙaron itace. Sannan mu goge fuskar fentin da inji har karce ya ɓace, daga baya mu rufe shi da abin kariya. Kujeru da wili da lungunan ƙofa duk suna cikin lissafi.

Da kuka ce gyaran fenti, sake fesa mata wani za ku yi?

A'a, ranka ya daɗe, ko ɗigon fenti ba ma fesawa.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shimfiɗar farko mai riƙe ƙarfe da hana tsatsa. A kanta akwai launin da kake gani, ja ko baƙi ko ruwan toka. A sama kuma akwai wani hawa garai-garai kamar gilashi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da sheƙi, shi ne ke tare zafin rana, kuma a jikinsa kusan duk karcen da ke damunka yake. Karce ɗan rami ne. Haske in ya faɗa cikinsa sai ya watse, ido ya ga fari-fari. Abin da muke yi shi ne mu rage tsayin kiliyar da ke kewaye da ramin har ta yi daidai da ƙasansa. Ba cike ramin ake yi ba, gefensa ake sassaƙewa. Wanda ya riƙe wannan maganar zai gane duk sauran amsoshin da ke tafe.

Ni ban taɓa goga ta da komai ba. Daga ina wannan saƙar gizon ta fito?

Daga tsumma, Alhaji. Kusan kullum daga tsumma.

Ka duba yadda safiyar hunturu take a gidajenmu, daga Nuwamba har zuwa Maris. An tashi an tarar ƙura ta lulluɓe mota. Direba ko maigadi, da kyakkyawar niyya, ya ɗauko busasshen tawul ya karkaɗe ta ya goge, ga shi nan ta yi fes kafin maigida ya fito. To wannan ƙurar ba toka ba ce. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Mafi yawanta garin yashi ne, irin dutsen nan da ke da lamba 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda lu'ulu'u ke saman shi da lamba 10. Yashi yana karce gilashi ma, balle kiliya da ba ta kai gilashi tauri ba. Duk sanda aka ja busasshen tsumma a kan wannan ƙurar, samfefa aka ja. Sau ɗaya ba a gani. A yi haka kullum har hunturu ya fita, sai ka ga baƙar mota ta koma kamar an shafa mata toka.

Karcen kansa ba zagaye yake ba, ya bi ko'ina. Rana ce ke haska gefen kowane ɗaya da ya fuskance ta, sai su bayyana kamar zobe a kewaye da hasken. Shi ya sa a inuwa motar take da kyau, a filin Idi kuma asirinta ya tonu.

Soso ɗaya da aka wanke taya da shi aka dawo kan ƙofa, da bokiti ɗaya da yashi ya kwanta a gindinsa, su ne na biyu a laifi. Omo kuwa yana wanke duk kakin da aka shafa, ya busar da robobin gefen gilashi.

To ai sai in riƙa kawo ta ana yi mata folish duk Sallah, ko?

Wannan ce tambayar da na fi so a tsaya a ji amsarta da kyau. A'a.

Kaurin fenti da maikiron ake auna shi, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1000. Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani, dukkan hawayensa a haɗe, yawanci tsakanin maikiron 100 ne da 180. Kiliya ita kaɗai ba ta cika wuce 40 zuwa 50 ba. Takardar rubutu guda ɗaya tana kai maikiron 100, ka ga ke nan kiliyar motarka ba ta wuce rabin kaurin takarda ba. Goge ɗaya na hankali yakan ci maikiron biyu zuwa biyar. Goge na ganganci da inji mai zafi da hannu mai nauyi yana cin ninkin haka a zama ɗaya.

Kiliya rumbu ce da ba a sake zuba mata hatsi. Abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Kuma ba sai ta ƙare ake shiga matsala ba, domin sinadarin da ke tare hasken rana a cikinta yake, tana raguwa yana raguwa. A ranar Bauchi ta watan Afrilu, da zafi ke kai maki 40, kiliyar da aka sirance ba ta daɗewa sai ta fara yin fari tana ɓarewa kamar fatar maciji. Duk wanda ya ga rufin tsofaffin tasi ya san abin da nake nufi. In an kai nan babu sauran folish, sai mai fenti. Motar da aka sake wa fenti kuwa, a irin waɗannan motocin, darajarta ta faɗi a idon mai saye.

An taɓa kawo mana wata baƙar 911 da aka yi wa goge sau huɗu cikin shekara biyu a wani wuri. Da muka auna, bonet ya sirance ƙwarai, kuma a kan ƙashin mudgad na hagu an riga an ratsa kiliyar, soson gwajinmu ya fito da baƙi. Na ji ciwon abin, domin mai motar ba sakaci ya yi ba, son motarsa ne ya sa yake ta kai ta. Garin neman gira aka rasa ido. Mun gaya masa gaskiya, muka yi mata goge mafi sauƙi a inda ke da sauran nama, muka bar wasu karce da gangan.

Shawarata ita ce a yi gyara mai zurfi sau ɗaya, a rufe shi, sannan a gyara yadda ake wanki don kada a sake buƙatarsa.

Yaya kuke sanin abin da ya rage?

Akwai wata 'yar na'ura kamar wayar hannu da ake ɗorawa a jikin bodi ta nuna lamba. Muna auna kowane ɓangare a wurare da dama, mu rubuta, mu kuma auna cikin bakin ƙofa inda kiliya ba ta da yawa don mu kwatanta. Na'urar tana tona abin da dillali bai faɗa ba. In ko'ina yana nuna 130 sai wata ƙofa ta nuna 350, an sake mata fenti. In lamba ta haura 1000, akwai fila a ƙasa, wato an taɓa bugewa fanel bita ya yi aiki. Wannan ya sa nake ba duk mai shirin sayen irin wannan mota shawara ya sa a auna kafin ya biya.

Sai dai motocin gudu suna da nasu hali. Na'ura mai aiki da maganaɗisu ƙarfe kawai take karantawa. Jikin R8 da mafi yawan jikin sabuwar 911 alminiyum ne, sai na'ura mai iya karanta shi. Corvette kuwa tun ta farko a 1953 ba da ƙarfe ake yin bodinta ba, da faiba ne. Ita da bamba ta roba da sassan kabon faiba, sai na'ura mai aiki da sauti, mai tsada. Inda ba a iya aunawa, sai a ɗauka fentin siriri ne a bi shi a hankali. Roba da faiba ba sa watsar da zafi kamar ƙarfe, nan da nan inji ke ƙona su.

Kowane karce yana fita?

Ja farcenka a kansa. In farcen ya wuce sumul, zai fita. In ya maƙale, ya yi zurfi, sai dai a tausasa bakinsa ya rage fitowa. In kana ganin shimfiɗar farko, fara ko ruwan toka, a cikinsa, kamar wanda hannun Keke Napep ya yi a cunkoson Wunti, ya ratsa launi. Wannan na mai fenti ne.

Me ya sa mota ɗaya take cin kwana uku ko huɗu?

Domin gogen da kansa shi ne na kusan ƙarshe. Da farko a fesa ruwa, a lulluɓe ta da kumfa a bari ta jiƙa ƙurar ta zame da ita tun kafin hannu ya taɓa. Sai wanki da bokiti biyu. Sai maganin kwalta, sai maganin da ke narkar da ƙurar ƙarfe, wanda yake komawa shunayya in ya same ta. Sai a bi jikin da wani yumɓu na musamman da ke tsince abin da ya rage, har fentin ya yi santsi a tafin hannu. A busar, a auna, a liƙe robobi da tambari da bakin sassa da tef.

Daga nan a zaɓi ɗan wuri kamar faɗin sallaya a ninke, a gwada. Ana farawa da soso mafi laushi da man goge mafi sauƙi, in bai yi ba a ƙara mataki. Sai an gwada akan san na ƙwarai, domin fenti ba halinsu ɗaya ba. Na Mercedes da Audi sukan yi tauri su ci lokaci. Baƙin Porsche da na motocin Jafan sukan yi laushi, har tawul ɗin da ake share mai da shi yana iya barin sawu. Motar gudu kuma duk lanƙwasa ce da kaifi da ramukan shan iska, inda babban inji ba ya shiga sai ƙarami mai soson inci uku ko ɗaya. A kan kaifin nan fenti ya fi siranta.

Duk wannan a cikin rufaffen ɗaki ake yi, ƙarƙashin fitilu. A hunturu har ƙasan ɗakin muke jiƙawa, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakanin soso da fenti ta ɓata aikin awa guda.

An yi mini folish a wani wuri cikin awa biyu, ta yi ƙyalli, bayan sati uku karcen ya dawo. Me ya faru?

Bai dawo ba, dama bai tafi ba. Wasu mayukan suna ɗauke da mai da kaki da ke cike ramukan na ɗan lokaci, wanki biyu ko uku ya fitar da su. Mu bayan kowane ɓangare sai mun share shi da sinadarin da ke cire mai, mu haska tocila, don mu ga fentin tsirara. Ka nemi a yi haka a gabanka a duk inda ka kai motarka.

In kuma kana ganin wasu layuka masu rawa kamar wutsiyar hayaƙi suna bin ka in kana zagaya motar a rana, sawun inji mai juyi ɗaya ne da aka yi da soson ulu ba a gama ba. Injin da ke juyi yana kuma karkaɗawa, irin na kamfanin Rupes ko Flex, shi ake gamawa da shi, ba ya barin wannan sawun.

Seramik fa? An ce in an sa shi mota ba ta sake karcewa.

An ƙara gishiri. Seramik ruwa ne mai sinadarin silika da ake shafawa ya daskare ya kama kiliya, kaurinsa maikiron ɗaya ne zuwa biyu. Lambar 9H da ake rubutawa a kwalba ba ta ma'aunin duwatsu ba ce, ta gwajin fensir ce, ma'ana fensir mafi tauri bai karce shi ba. Yashi ya fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba. In aka goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma a kan seramik, zai karce.

Amfaninsa na gaske daban ne, kuma yana da yawa. Datti ba ya kamawa sosai, ruwa yana gangarewa, wanki yana sauƙi, kashin tsuntsu yana ba ka ɗan lokaci kafin ya ci fenti, kuma yana shekaru in ana kula da shi. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na Barazil, yana da ɗumin sheƙi mai daɗin kallo, amma a zafinmu makonni kaɗan yake yi. Sharaɗi ɗaya: seramik a kan fentin da aka gyara ake sa shi, in ba haka ba ka kulle karcen ne a ƙasa. Kada ruwa ya taɓa shi a yinin farko, kada sabulu ya taɓa shi sai bayan mako guda.

To me ke tare tsakuwa?

Ledar kariya, wadda ake kira PPF. Roba ce garai-garai mai kaurin kusan maikiron 200, ta fi fentin gaba ɗaya kauri. Kamfanin 3M ya fara yin ta ne don kare farfelar jiragen sojan Amurka masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa. Mai kyau daga cikinta ƙananan karce suna rufewa da kansu in rana ta gasa ta. Motar da hancinta ke dab da ƙasa, in tana bin tirela a hanyar Jos ko ta Alkaleri zuwa Gombe, ruwan tsakuwa take sha. In kuɗinka na abu ɗaya ne, ni a ganina ka sa leda a bamba da bonet da mudgad da madubai da gefen ƙasa gaban tayar baya, ka bar seramik zuwa gaba. Ka guji mai araha, tana yin rawaya, kuma ranar ɓare ta ranar baƙin ciki ce. Sashen da aka sake wa fenti sai ya yi aƙalla wata guda ya bushe sosai kafin a liƙa masa.

Wasu fararen ɗigo sun ƙi fita bayan wanki. Mene ne?

Gishirin ruwa ne. Ruwan rijiyar burtsatse a unguwanni da yawa yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa. In ɗigo ya bushe a kan bodi mai zafi, ruwan ya tashi ya bar gishirin a zobe, rana kuma ta gasa shi ya ci cikin kiliya. Sabo-sabo, ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa mai tsabta yana narkar da shi. Wanda ya daɗe sai inji. Kada a wanke mota da rana tsaka, kuma kada a bar ta ta bushe da kanta.

Ina ajiye ta a ƙarƙashin dogon yaro saboda inuwa. Da laifi?

Inuwar tana da daɗi amma da kuɗinta. Ƙaro yana ɗiga, tsuntsaye da jemagu suna kashi, kashin kuma yana da tsami da ke iya barin tambari cikin yini ɗaya a kan fenti mai zafi. In ka gani, ɗora jiƙaƙƙen tawul a kai na 'yan mintoci, ka ɗaga shi sama, kada ka murza, don akwai yashi a ciki. Masu 911 su riƙa leƙa ramukan bamba ta gaba, nan lagireto yake, ganye da leda suna taruwa su riƙe danshi har su ci shi. Rumfar kwano ta fi itace.

Tamfol fa?

A kan mota mai tsabta, a cikin gareji, babu laifi. A kan mota mai ƙura a tsakar gida, iska tana kaɗa shi dare da rana yana murza yashi a jikinta.

Tawa fentinta marar sheƙi ne. Za ku iya goge ta?

Ba a goge shi sam. Irin wanda Mercedes ke kira Magno, BMW ke kira Frozen, rashin sheƙinsa daga kaushin fuskar kiliyar yake. Inji yana taɓa shi wurin zai yi ƙyalli, kuma ba ya komawa. Ko kaki ba a shafa masa. Sabulunsa daban, kuma in akwai motar da ta cancanci leda tun ranar farko, ita ce.

Wili da birki akwai abin kiyayewa?

Akwai, kuma kuskure a nan yana da tsada. Da yawa cikin motocin nan suna da faifan birki na kabon da seramik. A Porsche galibi ana gane shi da kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan, mai launin rawaya. Wannan faifan ba ya son maganin wili mai asid, ba ya son man ƙyallin taya ya fantsamar masa, kuma in bakin wili ya buge shi wajen cirewa yana ɓantarewa. Ruwa da sabulu mai sauƙi sun isa. Kowane irin birki ne, a bari ya huce kafin a watsa masa ruwa.

Hajiya ta ce sitiyarin ya yi baƙi yana ɗanko. Fata ce?

In mai laushin nan ne kamar gashin mage, Alkantara ne, yadi ne na roba da ake yi a Italiya, ba fata ba. Gumi da man shafawa ne suka kwantar da gashinsa. Da ɗan danshi da buroshi mai laushi ake tada shi, a hankali, ba a jiƙa shi sharkaf, kuma man fata ba ya zuwa kusa da shi.

Nawa ne?

Ba ma faɗin kuɗi sai mun ga mota a ƙarƙashin fitila mun auna ta. Awannin aiki ake biya, da kayan da ake shigowa da su da dala. Wanda ya yanka maka farashi ta waya bai ga fentin ba, ka tambaye shi me zai yi da kuma maikiron nawa zai ci.

Bayan kun gama, me zan gaya wa yaron da ke wanke ta?

Ka turo mana shi ranar karɓar mota, mu nuna masa da hannu, ba ma karɓar ko kwabo a kan wannan. Abin da zai koya ba shi da yawa. Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, bodi a sanyaye. Ya fara kwarara ruwa daga sama har ƙurar ta sauka kafin ya taɓa komai, in da injin feshi ne ya ja baya kamar kamu ɗaya, kada ya cusa shi cikin ramukan shan iskar inji. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye safar wanki bayan kowane ɓangare. Daga rufi zuwa ƙasa, a miƙe, ba a zagaye ba. Wili da nasa bokitin da nasa buroshin. Tawul ɗin maikurofaiba da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar sai an wanke shi. Ya busar da ita nan take da babban tawul mai laushi ko da iska.

In ƙura ta sauka da safe kuma babu lokacin wanki fa?

A fita da ita da ƙurarta. Ƙurar da ke kwance ba ta cin fenti, sai an ja ta. A share gilashin gaba da ruwa don a ga hanya, sauran jikin a bar shi zuwa ranar wanki.